Wai tarkace!

Tun jiya nake danne zuciyata kan bawan Allahn nan da ya ga hotunan baje kolin kayan 'yan gudun hijira, ya ce wai an kwaso tarkace an jera a cikin gilashi. Kun dai gani. Sannu Malam, Allah ya ƙara basira.

Ni da ƙafata na je. Akwai makullin gida ɗaure da wani baƙin tsumma, na wata dattijuwa 'yar Gwoza da ke zaune a sansanin 'yan gudun hijira na Durumi a Abuja. Boko Haram sun kama Gwoza a watan Agustan 2014, sojoji suka ƙwato ta a Maris ɗin 2015, amma baiwar Allahn nan har yau tana Abuja cikin ɗakin buhu da leda. Ƙofar da makullin ke buɗewa ƙila ta daɗe da zama toka. Ba ta yar ba. A gefensa ga allon wani yaro, rubutun ya tsaya a tsakiyar aya, ga Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ruwa ya kumbura. Wannan ne tarkace?

Abin dariyar, wannan Malam ɗin shi ne kullum ke ɗora hoton tsoffin Falasɗinawa riƙe da makullan gidajen da aka kore su a 1948, yana zuba alamar kuka. Har ƙaton makullin da ke saman ƙofar sansanin Aida a Baitalami ya taɓa ɗorawa. Na can tarihi ne, na Gwoza kuma tarkace. To madalla.

Kada wanda ya zo min da zancen gara a sayi shinkafa da kuɗin. Na ji. Kai buhu nawa ka kai sansanin 'yan gudun hijira na Kuchingoro bana? Masu cewa ana neman suna da wahalar talaka kuma, a nema ɗin. Shekara nawa kuna wucewa ta Area 1, kusa da sansanin Durumi, ba ku san akwai mutanen Borno a bayanku ba?

Abin da ya sa maganar ta tsaya min a wuya ke nan: ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001, da Jos ta kama da wuta, mahaifiyata ba ta ɗauki akwati ba, ba ta ɗauki kwallayen aurenta ba. Kan keken ɗinkinta ta kwance, Butterfly, ta naɗe a zani ta ɗora a ka, tana jan ƙanwata da hannu ɗaya har barikin soja. Muna ta cewa Inna ki yar, ya yi nauyi. Ko waiwayo ba ta yi ba. Da kan keken nan ta biya mana kuɗin makaranta. Wanda bai taɓa tsayawa a tsakar ɗaki ana harbi a waje ba, yana zaɓen abu ɗaya tak da zai fita da shi, don Allah ya bar kiran kayan mutane tarkace.

Af, keken ma yana wurina a Kubwa. Ya fara tsinke zare, ina zargin ƙoshiyar ce. Wa ya san tsohon mai gyara na kirki a nan kusa? Ban da yaran nan masu cewa a sayi na lantarki.