Ga mai cewa zamanina ya wuce

Ban kira sunan kowa ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Daren jiya na sake kunna English Vinglish a waya, ina gaban keke ina kafa hannun wata riga. Duk wadda ta taso da kallon Indiya ta san Sridevi, sai dai ba kowa ya san wuyar da ta sha ba. Tana 'yar shekara huɗu aka fara saka ta a fim, da yaren Tamil, a 1967, don 'yar kudancin Indiya ce. Da ta shigo finafinan Hindi ba ta iya yaren ba, wata ce ke ɗora mata murya, ita kuma tana motsa baki. Solva Sawan na 1979, wanda ta fara jagoranta a Hindi, ya faɗi warwas. Ta koma kudu ta ci gaba da aikinta. Sai a 1983 Himmatwala ya fito, ita da jarumi Jeetendra, gari ya ɗauka. Daga nan sai Nagina, sai Mr. India, sai Chandni a 1989, inda a ƙarshe aka ji muryarta ta gaskiya.

Inda nake son a tsaya a saurara shi ne nan. Ta auri furodusa Boney Kapoor a 1996, bayan Judaai na 1997 ta jingine fim, ta zauna rainon 'ya'yanta mata biyu. Shekara 15 cur. Sababbin fuskoki suka cika fili, kowace na jin ita ce. A 2012 ta dawo da English Vinglish tana da shekara 49, ba rawa a kan dutse, ba ƙyale-ƙyale. Ta fito a matar gida mai yin laddu, wani kayan zaƙi na Indiya, na sayarwa, wadda mijinta da 'yarta ke yi wa dariya don ba ta jin Turanci. Kalli idonta kawai lokacin da ta kasa sayen kofi a wani shago a New York, ta fito tana kuka. Shekara na zagayowa gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girmamawa ta Padma Shri. Wanda ya iya, ya iya.

Ni shekara bakwai kekena ya yi a rufe da zani, tsakanin goyo da jinyar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Da na buɗe shi, sai wata da ni na koya mata riƙon almakashi ta fara zagayawa gidan biki tana cewa hannuna ya mutu. A wajen kamu, a gaban mutane, ta kama bakin hannun rigar da na ɗinka wa uwar amarya, ta murza shi da yatsa biyu, ta taɓe baki ta ce ɗinkin da ne. Ina tsaye a bayanta da faranti a hannu. Ta san ina nan. Wallahi abin ya yi mini ciwo, don yarinyar nan a ɗakina ta ɓata yadi ya fi goma ban taɓa cewa ta biya ba.

Sridevi ma ta yi abokiyar hamayya, Jaya Prada. Ita Jaya Prada da bakinta ta ba da labarin yadda Jeetendra da Rajesh Khanna suka kulle su a ɗaki ɗaya lokacin ɗaukar fim ɗin Maqsad, wai ko za su shirya. Da aka buɗe ƙofa, kowace na kusurwarta, ba wadda ta ce uffan. Gaba ce, amma ba wadda ta zubar da ajinta a ɗakin nan. Shi ya sa ban tanka ba ranar kamu, ba kuma zan tanka ba.

Allah ya yi wa Sridevi rasuwa a Dubai a watan Fabrairun 2018, kuma bayan ta rasu aka ba ta kyautar ƙasa ta gwarzuwar jaruma a kan Mom, fim ɗin da ta yi bayan an ce ta tsufa.

Akwai riguna uku rataye a ƙusa a ɗakina yanzu, an kawo mini gyara. Ɗaya kafaɗa ta karkace, biyu zif ya tattare. Ina juya cikinsu na gane hannun da ya ɗinka su. Na warware, na gyara, ban faɗa wa masu su komai ba. Gobe bayan la'asar za su zo karɓa.