Shafe da fenti ba gyara ba ne

Wallahi abin da aka yi wa wani tsohon benen kankare a nan Kano ba gyara ba ne, rufa-rufa ce, kuma duk wanda ya sa hannu aka biya kuɗin aikin ya san haka. Ga wanda bai ga hotunan benen ba, ga abin da ya faru. Rodi a waje ja wur da tsatsa, kankaren ƙasan baranda yana ɓarewa yana zubowa kan masu wucewa, sai aka kawo birkila ya kwaɓa siminti ya maka a kai, washegari aka bi da fenti mai ƙyalli, yanzu kuma ana ta yawo da hoto wai an ceto gini. Ba a ceci komai ba. An ɓoye ciwon ne kawai.

Jama'a, kankare ba haka kawai yake fashewa ba. Sabon kankare shi ke kare rodin da ke cikinsa daga tsatsa. Shekaru na tafiya iska na ratsa shi a hankali tana kashe wannan kariyar, ranar da ta isa kan rodi kuma ga danshi, shi ke nan tsatsa ta kama. Ita kuma tsatsa kumbura take yi, tana cin wuri ninkin-baninkin ƙarfen da ta cinye, sai ta tunkuɗo kankaren daga ciki ya tsage ya faɗo. To ka gaya min, in ka shafe bakin wajen ka bar rodin da tsatsarsa, me ka tsayar? Tana nan tana aikinta a bayan fentinka. Daidai yake da ka ɗaure miki mai ruwa da sabon bandeji ba ka wanke shi ba. Damina biyu uku za ku ga shafen ya buɗe baki, wannan karon ma da babban ɓangare zai faɗo.

Kuma na ga masu cewa wai meye abin tayar da jijiyar wuya, ai ginin siminti ne, tarihi shi ne ganuwa da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. Haba malam. Babban Masallacin Juma'a na cikin gari da kake sallah a ciki, wanda aka sake ginawa farkon shekarun 1950 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da jan ƙasa aka yi shi? Ya haura shekara 70. Tsofaffin kantunan Fagge da Sabon Gari da suka taso bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tsohuwar jami'ar Bayero, ofisoshi da makarantun da aka gina zamanin Audu Bako tsakanin 1967 da 1975, a cikinsu iyayenmu suka yi karatu, suka karɓi albashin farko, suka yi cinikin da ya riƙe gidajenmu. In wannan ba tarihin Kano ba ne to na waye? Ka shiga ɗaya daga cikinsu da azahar a watan Afrilu ka ji yadda iska ke ratsawa, saboda an yi musu baranda mai faɗi da bulo mai huda-huda da inuwar kankare a saman taga, ba ka buƙatar janareto kafin ka iya zama. Yanzu gilashi ake jerawa tun daga ƙasa har sama a garin da rana ke dafa mutum.

Masu cewa babu kuɗi kuma, don Allah ku bar wannan maganar. Kuɗin fenti da tayil ɗin da aka manna a gaban ginin ya isa a fara aikin gaskiya ko da a ɓangare ɗaya ne.

Aikin gaskiya ba boyayye ba ne, duk injiniyan kirki ya san shi. Da ruwa ake farawa. A hau saman rufin kankaren a duba, na rantse za a tarar indararo ya toshe da leda da ƙurar hunturu, ruwan Agusta yana kwana a kai har ciyawa ta fito. In ba a kashe wannan yoyon ba duk abin da aka yi a ƙasa asara ce. Sannan a bi jikin ginin da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa, inda ya yi ƙarar holoƙo ya riga ya saki, a sa masa alama. A sassaƙe wajen har bayan rodi, ba iya fuskarsa ba, yadda yatsa zai iya zagaya shi. A kankare tsatsar da burushin ƙarfe sai ƙarfe ya fito fes, inda ya sirance a ƙara masa sabo. Akwai ma wani ruwan gwaji da ake fesa wa kankaren da aka fasa, inda ya koma ruwan hoda yana da sauran ƙarfin kare rodi, inda bai canza ba ya mutu, ka ga an san iya inda za a tsaya da sara. Sai a cike da kwaɓin da ya yi daidai da na asali, kauri ya rufe rodin sosai, a dinga ba shi ruwa kwanaki ya kama. Mutanenmu gani suke in an zabga siminti da yawa shi ne ƙarfi, alhali facin da ya fi tsohon kankaren tauri a gefensa yake tsagewa ya saki. Wanne daga cikin waɗannan aka yi a benen nan? Ko ɗaya. Kwana biyu aka gama.

Shafe ba gyara ba ne, fenti ba gyara ba ne, tayil ma ba gyara ba ne, shi ya fi muni don yana hana ka ganin tsagar sai ranar da ta yi ɓarna. Akwai masu shayi da masu gyaran waya da ke wuni a ƙarƙashin barandar nan, akwai yara 'yan makaranta da ke fakewa in ana ruwa. Su nake tunawa, shi ya sa na kasa yin shiru. Kuma kada wani ya ce min to a rushe a yi filaza. A birnin Rum akwai ƙubbar kankare ta Pantheon da ta kusa shekara 1900 tana tsaye, namu na shekara 60 ne za a ce ya tsufa?

Ni yashin da na ga an zube a gindin ginin ma ya dame ni. Ɗauki ka murza a hannu, rabinsa laka ne, tafinka ja yake komawa. Da can magini sai ya zuba yashi a kwalba da ruwa ya girgiza ya ga yawan lakar da ta kwanta a sama kafin ya yarda a sauke. Yanzu tifa ta zo da daddare ta juye, da safe lebura ya fara kwaɓi, ga siminti ya yi tsadar da kowa ke neman buhu ɗaya ya yi aikin biyu. Masu gina gida a Rijiyar Zaki da Ɗanbare, ku dinga zuwa da kanku ranar da za a kawo muku yashi.