Ananse da aka yi wa wanka a littattafan yara

Jiya da dare Auta ta kawo mini littafinta mai hotuna, ta ce, "Baba, karanta mini na gizo-gizo." Na buɗe, sai ga Kwaku Ananse, gizo-gizon tatsuniyoyin Asantawan Ghana, cikin launi ja da ruwan ɗorawa, yana murmushi kamar yaron kirki. Na karanta mata har ƙarshe, ta ji daɗi, ni kuwa na kwana da abin a raina.

A zangon Kumasi na tashi, da kunne biyu. A gida Kaka na cewa "ga ta nan, ga ta nanku", ta kawo mana Gizo da Ƙoƙi. A tsakar gidan maƙwabta kuma wata tsohuwa 'yar Asante, muna ce mata Nana, tana ba jikokinta Anansesem, wato tatsuniyoyin Ananse, da yarensu na Twi, mu ma mu raɓa. Gizon Kaka tsamin baki gare shi, Anansen Nana ta hanci yake magana. Da ta toshe hanci ta fara, mun san maƙaryaci ya iso.

Labarin da ke littafin Auta shi ne na yadda Ananse ya sayi tatsuniyoyi daga Nyame, ubangijin sama a wurin Asantawa. Kuɗinsu mesa ne da damisa da zirnaƙo da 'yar aljanar daji Mmoatia. Har yau ina ganin hannun Nana tana kwaikwayon Ananse: ya sheƙa wa kansa ruwa, ya yayyafa wa zirnaƙo, ya rufe kai da ganyen ayaba, ya ce ai ruwan sama ne, ku shigo gorata ku fake. Suna shiga ya toshe baki. Wannan yana cikin littafin, kuma mai zanen ya yi ƙoƙari ƙwarai. Amma a yadda wani Bature mai binciken al'adu, Rattray, ya rubuto labarin daga bakin Asantawa a 1930, Ananse har mahaifiyarsa ya ƙara a kan farashin, ya kuma miƙa ta. Matarsa Aso ce ke kitsa masa dabaru. A littafin Auta babu uwar, babu Aso. Saura jarumi ɗan ƙarami mai basira da ya ci nasara.

Nan ne zuciyata ta ƙi. Ananse mahandami ne, rago, mai cin amanar aboki, wanda ke iya ƙaryar mutuwa don ya cinye gonar iyalinsa shi kaɗai. Don haka ake ba yara labarinsa. Yaro ya yi dariya, ya ga kuma yadda kunya ke kama mai haɗama har ya gudu ya maƙale a rufin ɗaki. In ka cire mugun halin, me yaro zai gane ranar da ya haɗu da mai zaƙin baki a kasuwar Kejetia ta Kumasi?

Ba na raina littattafan, wallahi. Wani da aka buga a Amurka kan wannan labarin ya ci lambar Caldecott, wadda ake ba littattafan yara masu hotuna, a 1971, kuma ta irinsu ne jikokin bayin da suka tsallaka teku da Anansi zuwa Jamaika da Suriname ke ganin sunan Asante a rubuce. Peggy Appiah, wata marubuciya Baturiya da ta yi zamanta a Kumasi, ta rubuta wa yara nata tun shekarun 1960. Sai dai takarda ba ta waƙa. Nana na tsakar labari wani zai katse ta da waƙa, kowa ya amsa da tafi, sannan ta ɗora.

Yau da Auta ta sake kawo littafin, na bar ta tana kallon hotunan, na toshe hancina na ba ta shi yadda na ji shi, har da uwar. Ta yi shiru, can ta ce, "Baba, mamansa fa, an dawo masa da ita?" Na ce mata Nana ba ta taɓa cewa an dawo da ita ba.