Zubaida matar Haruna Rashid: a daina ba mu rabin labari

Duk shekara idan aikin Hajji ya matso, sai a fara yaɗa labarin Zubaida 'yar Ja'afar, uwargidan Halifa Haruna Rashid, baiwar Allah da ta shayar da alhazai. Haka ne, ta shayar. Da dukiyarta aka janyo ruwa daga kwarin Nu'uman zuwa Arfa da Muzdalifa har kusa da Makka, a lokacin da aka ce salkar ruwa ɗaya takan kai dinari. An ruwaito da aka tsoratar da ita da yawan kuɗin aikin, cewa ta yi a ci gaba ko da kowane saran diga zai ci dinari. Hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, wajen kilomita 1,400, sunanta ta ɗauka saboda rijiyoyi da tafkuna da masaukai da ta zuba a kanta, duk da ba ita ta fara share ta ba.

To amma daga nan sai masu ba da labarin su ja bakinsu su yi shiru, kamar matar ba ta taɓa zama a fada ba.

Zubaida jikar Halifa Mansur ce, auren zumunci aka yi mata da ɗan baffanta. Ta tarar da suruka mai ƙarfi, Khaizuran, wadda ke juya fadar Bagadaza har ta rasu a 789. Zubaida ta haifi ɗa guda, Aminu. Ga kuma Ma'amun, ɗan ƙwarƙwara, wanda ya girme shi da 'yan watanni. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san abin da ke biyo baya. Ita da danginta suka tsaya kai da fata sai da aka naɗa Aminu magaji yana ɗan shekara biyar. A 802 Haruna ya rubuta yarjejeniya tsakanin 'ya'yan nan biyu, aka rataye a Ka'aba. Ya rasu a 809, takarda ba ta hana komai ba. Aka gwabza yaƙin basasa, aka yi wa Bagadaza ƙawanya, aka kashe Aminu a 813.

Ni ban ga dalilin ɓoye wannan ba. Son ɗa ba ya soke sadaka, sadaka kuma ba ta goge cewa zaɓin da ta mara wa baya ya ci rayuka. Idan muka mayar da ita waliyyiya zalla, 'ya'yanmu mata za su ɗauka alheri sai wadda ba ta san kishi ba, alhali wannan ta san shi sarai.

Wurin da ma ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan yaƙin. Ma'amun ya shigo Bagadaza a 819, uwar da aka kashe wa tilon ɗa da sunansa ta karɓe shi, shi kuma ya mayar mata da kadarorinta ya girmama ta. Dattaku ne ko dabarar tsira? Ina ganin duka biyun ne, kuma shekara goma sha biyu ta yi a haka kafin ta rasu a 831. Allah ya jiƙanta.