Ahmed Musan gidanmu

Duk wanda ya ji labarin nan a bakin taubashina ya zubar da rabi, ya zo ya ji daga bakin mai shi. Wandon bai kai ƙasa ba. A gwiwa na tare shi, kuma akwai shaidu, har da waɗanda ban so su zama shaidu ba.

Kun san yaron nan na wajena, ɗan farin, wanda ko a rubuce ba zan kama sunansa ba saboda Inna tana da masu karanta mata waya. Ya shiga shekara ta uku, ya yar da keken katakon koyon tafiya, yanzu gudu yake yi yana karo da randa. Sai na ji a rediyo wai Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar motsa jiki na minti 180 kowace rana. Na kai wa Inna wannan labari da zafinsa. Ta ce, "Awa uku? Wannan da yake bin kajina tun assalatu har magariba? Ka gaya wa hukumar ta zo ta rage masa." Na ce ai bin kaji daban, wasa mai tsari daban. Na kawo mata misalin Messi, na ce yana ɗan shekara huɗu kakarsa ce da kanta ta riƙe hannunsa ta kai shi fili a garinsu Rosario, ga shi yana shekara 13 Barcelona ta ɗauke shi. Ta ce kakar Messi ba ta da surfe.

Ranar Juma'a na shiga kasuwar Wudil na sayo ƙwallon roba da 'yar riga mai kore da rawaya irin ta Kano Pillars. Mai kayan ya rantse ita ce mafi ƙanƙanta, amma da aka sa wa yaron har idon sawu ta kai masa. Washegari da la'asar na saɓa shi a kafaɗa muka nufi filin firamare. Kun dai san garinmu, uba ba ya yawo da ɗan fari a kafaɗa, balle ya bi da shi ta gaban majalisar dattawa. Na yi sallama, suka amsa suna kallon ƙasa. Baffa ne kawai ya ce, "Zamani," ya ci gaba da jan carbi.

An gama girbi, sanyi ya fara saukowa, filin ya bushe ƙarau, ga tsidau ko'ina. A can gefe yara suna langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle, ana ta kare ruwa kada a kayar da shi kafin ya kai sha. Na jera duwatsu biyu a matsayin raga, na ajiye ƙwallon a gaban yaron, na ce, "Buga." Ya sunkuya ya ɗauka da hannu biyu ya kai baki. Na karɓe, na sake ajiyewa, na kama ƙafarsa na nuna masa. Ya zauna a kai. Na ɗaga shi, ya ɗauka ya tafi ya miƙa wa wata akuya da aka ɗaure a jikin turke, ita ma ta sunsuna ta ƙi. A duk kalmomin duniya "a'a" ce ya fi iyawa, kuma ranar ya yi amfani da ita sosai.

Ina cikin wannan sai na ji an ce, "Koci, yaushe za a sa hannu a kwantiragin?"

Taubashina ne, ɗan gwaggo, yana zaune a kan tagar aji yana shan rake. Ban san lokacin da ya zo ba. Mutumin nan kullum haka yake, ba a taɓa ganin zuwansa, sai dai a gan shi a wurin da abin kunya zai faru. Ku da kuka san shi ku faɗa mini ranar da ya taɓa buga ƙwallo. Ko lokacin da muke yara muna ɗinke tsumma da leda muna bugawa a bayan gari, shi aikinsa tsaron takalma, kuma sai takalmi ya ɓata. Amma je ka gidan kallo ranar Asabar ka ji shi yana gyara wa masu horar da 'yan wasan Ingila tsari. Ƙungiyar da yake goya wa baya kuwa sai an tashi wasa ake saninta. Shekarun da Pillars ta ɗauki kofi sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, babu wanda ya kai shi ihun "Sai masu gida," alhali bai taɓa taka filin Sani Abacha ba, ko Ƙofar Mata bai san ta inda ake shiga ba. Kuma wannan mutumin, tun daminar bara waccan, rabin buhun takina yana wuyansa. Ya zo da sassafe ya tsuguna, masararsa ta yi rawaya, na auna masa Yuriya da kwanona ba tare da shaida ba saboda zumunci. Masara ta yi kyau, ya sayar, ya sayi sabuwar waya mai kyamara uku. Duk ranar da na ɗauko maganar sai ya ce tsakanin taubasai ai babu bashi, sai wasa. Ita wayar kuwa za ku ji aikin da ta yi.

Na ce masa yaro da ido yake koyo, bari in nuna masa abin da ake nufi. Kuma ba kowace ƙwallo na zaɓa ba. Kun tuna wasan Najeriya da Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, da aka ci biyu da nema, duka Ahmed Musa ya zura? Ta farkon nake nufi, wadda aka ci ana dawowa daga hutun rabin lokaci. Victor Moses ya kwaso ta daga dama ya aiko, Musa ya miƙa ƙafa sama ya sauke ta, kafin ta gama dira ya ɗirka ta cikin raga. Na kalli wannan ƙwallon a waya har na haddace ta. Yaron da ya taɓa buga wa Pillars ne ya yi ta, ni kuma ɗan jihar Kano ne, ban ga abin da zai hana ba.

Na kira wani yaro daga cikin masu langa na ce shi ne Moses, ya jefo mini ita daidai ƙugu. Na tattare kaftanina na soke a gaba. Ɗalibin nawa kuwa ya ba ni baya yana tonon rami da tsinke.

Ƙwallo ta taso. Na ɗaga ƙafar dama, kuma wallahi ta ɗagu fiye da yadda na zata. A nan abu uku suka faru a tare. Silifas ɗin dama ya fice ya yi sama. Na hagu ya zame, tafin ƙafata ya sauka a kan tsidau. Sai na ji "ɗas" a ƙuguna, wata iska mai sanyi ta ratsa inda bai kamata ba. Tazuge ne ya tsinke. Maman yaron tana ta cewa wai tun da safe ta gaya mini ya ci, in kawo ta sake. Ni ban ji ba, kuma har gobe ina cewa telan ne ya sa mini ruɓaɓɓen ƙyalle. Ƙwallon dai ta wuce abinta ba ta taɓa ni ba, ni kuma na zube tim, hannu biyu a kan wando.

Da a nan aka tsaya da na karkaɗe jikina na ce atisaye ne. To amma hanyar da ta fito daga tasha ta gefen filin take bi. Silifas ɗin da ya tashi ya je ya dira a gaban wasu mata da suka sauka daga mota za su shiga gari, saboda sunan da za a yi washegari a gidan liman. Ta gaban, mai ƙwarya a ka da koren mayafi, ta tsaya ta dubi takalmin, ta ɗago ta dubi inda ya fito.

Surukata ce.

Ku gaya mini abin da mutum zai yi. Al'ada ta ce ka cire takalmi ka tsuguna. Takalmi dai ɗaya ya riga ya isa gabanta da kansa. Na yunƙura na tsuguna a inda nake, a kan tsidau, na damƙe wando ta ƙarƙashin kaftani, na sunkuyar da kai na ce, "Iya, sannunku da zuwa. Ina wuni?" Ita kuma, Allah ya saka mata, sai ta juya fuskarta wajen kukar nan ta bayan aji, ta amsa wa kukar. "Lafiya lau. Ya gida? Ya sanyi? An gama kaye lafiya? Ya jikin Inna?" Ni ina amsa wa ƙasa, ita tana tambayar bishiya. Na ɗauka za ta taƙaita saboda halin da ake ciki, ashe a ganinta taƙaitawar ce za ta nuna ta ga wani abu. Don haka ta yi gaisuwar cikakkiya, har da tambayar ko shanun huɗa sun yi ƙiba. Da ta gama, ƙanwarta ta karɓa daga farko. Da ita ma ta gama, wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta matso ta ce ita ce ta yi wa matata wankan jego, ita ma sai da muka bi layi ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan lokacin ƙaya tana shiga, ba dama in gyara tsuguno, don in na motsa hannu ɗaya an gama. Wata budurwa a cikinsu ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Masu langa sun saki ƙafafunsu sun zagaye mu. Ina nan a tsugune kamar kazar da aka ɗaure za a kai kasuwa.

Sai ga yaron ya taho da rigarsa tana jan ƙasa. Ya ga bakin tazuge yana lilo ta ƙasan kaftani, ya kama ya fara ja. Na ce masa a hankali, ta tsakanin haƙora, "Saki." Ya ce, "A'a." Ya ja har ya zare shi gaba ɗaya, ya tafi da shi ya kai wa kakarsa, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Baba tim!"

Ta karɓa. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin zufa. Ta karɓa ta naɗe shi a yatsa da kyau, ta ce wa jikan, "Maigida, kai ne ka kayar da shi? To ai ka isa cefane ke nan." Har lokacin ba ta dube ni ba.

Wani yaro ya gangaro da ƙwallon ta tsaya a gaban ɗan nawa. Yaron da tun la'asar nake roƙo, wanda ya cije ta, ya zauna a kanta, ya ba akuya, sai a lokacin ya ja da baya ya sa mata ƙafa. Ba ƙarfi, amma saiti, ta zo ta same ni a hanci ina tsugune ba hannun karewa. Daga kan taga na ji an kwarara ihu, "Ta shiga! Sai masu gida!" Na waiga na ga wayar takina a sama tana kallona.

Da igiyar akuyar nan na ɗaure ƙugu na koma gida ta bayan gari, kuma mai akuyar ma ya aiko a mayar masa da igiyarsa kafin isha'i. Surukar tawa a gidanmu ta sauka, ɗakin Inna, katanga ɗaya tsakaninmu. Har tsakar dare ina jin tsofaffin nan biyu suna ƙus-ƙus, sai a yi shiru, sai Inna ta fashe da tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Tuwon dare a wajen mai shayi na ci shi, wato burodi. Da asuba na fice gona duk da babu abin da ya rage a gonar sai kara. Bayan ta tafi, maman yaron ta kawo mini ƙullin leda ta ce, "Malam, ga saƙo in ji Iya." Tazuge ne sababbi guda uku, saƙar hannu, masu kauri. Babu wata magana a tare da su.

Taubashin nawa ya rantse mini da girman zumunci cewa ya goge hoton. Amma shekaranjiya na je sayen man fetur a bakin hanyar Gaya, yaron da ke zuba mini, wanda ban san shi ba, ya dube ni ya dubi ƙuguna ya ce, "Sannu koci." Na je na same shi a kan maganar, sai ya ce in yi haƙuri, hoton ne ya fita da kansa, kuma in Allah ya yarda kuɗin taki sai ya sayar da riɗi. Bai shuka riɗi ba bana, ni na sani, gonarsa tana maƙwabtaka da tawa.

Shi kuwa ɗan wasan, abin da ya ɗauka daga darasin guda ɗaya ne. In baƙi sun zo sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga ƙafa, ya kama wandonsa, ya zube, a yi ta tafa masa. Inna ta ce wannan ma motsa jiki ne, in ƙirga masa a cikin minti 180 ɗin. Ƙwallon ba ta yi mako ba tsidau ya huda ta, Inna ta raba ta biyu, rabi kaji suna shan ruwa a ciki. Ɗaya rabin ban san inda yake ba.