Idan ɗanka ya tambaye ka dalilin samuwar Allah, kada ka kore shi

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Mai Wurno, Gadarif, Kassala da Damazin.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, samarinmu da yawa suka baro Khartum suka dawo gida, ba karatu ba sana'a, sai waya a hannu dare da rana. A nan suke cin karo da masu cewa duniya ba ta da mafari, ko ita ta samar da kanta. Wani yaron sai ya haɗiye abin yana cin sa a ciki. Wani ya yi ta maza ya tambayi mahaifinsa ko malamin zaure, sai a daka masa tsawa: "Tashi ka ba ni wuri, ka fara kafircewa!" Wallahi wannan tsawar ta fi tambayar ba ni tsoro, domin yaron zai tashi da zaton addininsa ba shi da amsa.

Ya zo a Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) kukan abin da ke ɗarsuwa a zukatansu, wanda suke ganin ya fi ƙarfin furtawa. Bai kore su ba. Ya shaida musu wannan shi ne tsantsar imani, wato jin nauyin abin da suka yi. To mu su wa?

Kuma amsa tana nan tun da daɗewa. Jubairu ɗan Muɗ'im bai musulunta ba tukuna lokacin da ya ji Annabi yana karanta Suratuɗ Ɗur a sallar magariba, inda Allah ke tambaya: shin an halicce su ne ba daga komai ba, ko kuwa su ne masu halittar? Ya ce zuciyarsa ta kusa tashi sama. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsara hujjar da cewa duk abin da ya samu bayan da babu shi yana buƙatar mai samar da shi. Kafin shi masanin falsafa Ibn Sina ya bi ta wata hanya: duk abin da muke gani zai iya kasancewa, zai iya rashin kasancewa, don haka samuwarsa ta aro ce.

Ɗauki buhun dawa a kasuwar Gadarif. Wannan ya ce wurin wancan ya karɓo, wancan ya ce shi ma karɓowa ya yi. Ko masu karɓar sun kai dubu, in babu manomin da dawar ta fito daga gonarsa, da buhun bai zo hannun kowa ba. Tunda ga mu, ga rana, ga Kogin Nilu, dole akwai wanda samuwarsa ba ta aro ba ce. Shi malamai ke kira Wajibul Wujudi. Daga nan za ka gane cewa "wa ya halicci Allah?" tambaya ce da ta ɓace hanya, domin abin da ke da mafari ne ake nema wa mahalicci. Shi ya sa hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya ce idan Shaiɗan ya ja mutum har zuwa nan, ya nemi tsarin Allah ya tsaya.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a gidajenmu. Malamanmu sun karanta Ummul Barahin, littafin tauhidi na Imam Sanusi, a zaure, da sifofin Allah ashirin da dalilansu. Shehu Usmanu kuma ya yi raddi ga masu kafirta talakawa don ba su iya jero dalilan ba. Gwaggonka da ke tashi sallar dare ba ta buƙatar Ibn Sina. Amma wanda shubuha ta riga ta shige shi, hakkinsa ne a warware masa.

Akwai kuma mai tambayar da ba ta falsafa ba ce. Ya binne ƙaninsa, an wawushe gidansu, sai ya ce, "Ina Allah yake ake mana haka?" Wannan ciwo ne ke magana. Ka zauna da shi, ka saurare shi, ka tuna masa Annabi da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Hujja ta biyo baya.

Ku kuma samari, ƙannena, ku daina kwana kuna musu da mutanen da ba ku san su ba a Facebook alhali ba ku sauke ko ƙaramin littafin tauhidi ba. Ka rubuta tambayarka yadda take, ka kai wa malamin da ya karanci fannin. In na farko ya yi maka tsawa, ka nemi na biyu.