Bai wa ɗalibai bashi ba zai raya jami'a ba

Wani labari da na karanta yana nuna kamar rancen ɗalibai ne maganin ƙarancin kuɗi a jami'o'i. Ni kam ban gamsu ba. Ingila ta ɗaga kuɗin karatu zuwa fam 9,000 a 2012, aka ce rance zai cike giɓin. Yau ga jami'o'inta suna kukan babu, har suna rage malamai, ɗalibi kuma ya gama karatu, bashi na jiransa tun kafin ya samu aiki. A Jamus kuwa, jiha ta ƙarshe ta soke kuɗin karatu a 2014. A taron ilimi na duniya da aka yi a birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015, ƙasashe sun amince su ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 na kasafinsu. Nawa ne suka cika alkawarin? Wannan ya kamata marubucin ya bincika.